Ƙasusuwa 206 a Zauren WhatsApp

Jikin baligi na ɗauke da ƙasusuwa 206, kowanne da sunansa na Latinanci, da tudunsa da kwarinsa, mafi yawansu kuma da tsokar da ta kama su. A wuyan hannu kaɗai akwai ƙanana guda takwas. Daga ƙwaƙwalwa kuma jijiyoyi 12 ke fitowa a dama, 12 a hagu. Ɗalibin likitanci a Zariya ko Sakkwato ko Yamai sai ya san duk wannan ciki da waje kafin a bar shi ya taɓa majinyaci.

A da, littafi ne da ɗakin feɗe gawa kawai. Kullen korona na 2020 da yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na wata takwas a 2022 sun tura ɗalibai gida, sai bitar ta koma zaurukan WhatsApp da Telegram. An buɗe makarantu, amma zaurukan suna nan.

Yadda ake yi shi ne a raba jikin gida-gida. Wanda hammata ta faɗo a kansa zai zana saƙar jijiyoyin da ke saukowa daga wuya zuwa hannu: saiwa biyar su haɗu su zama uku, su rabu shida, su sake komawa uku, sannan su fitar da manyan rassa biyar. Ya ɗauki hoton zanen, ya bi shi da saƙon murya. Nan take tambaya za ta faɗo: “To idan ƙashin dantse ya karye a tsakiya fa?” Dole ya bayyana cewa akwai jijiyar da ke zagaya bayan ƙashin, kuma in ta taɓu, hannun sai ya langaɓe daga wuyansa. Wanda ya yi wa abokansa irin wannan bayani da bakinsa ba ya saurin mantawa.

Da dare kuma sai gwaji. A turo hoto ba suna, da kibiya a kan wani sashe, a ba da minti ɗaya. Kwaikwayo ne na jarrabawar da ake jera sassan gawa a kan tebura, a soka fil, ana buga ƙararrawa ɗalibi ya matsa gaba.

Kayan karatun ma sun samu. A 1994 Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasa a Amurka ya fitar da hotunan gawar wani mutum da aka daskarar, aka yanka ta fala-fala sama da 1,800, kowane yanka kaurin milimita ɗaya. Jami'ar Rice ta saka littafin OpenStax na sassan jiki da aikinsu a intanet kyauta. Manhajar Anki kuwa tana dawo wa ɗalibi da tambayar da ya faɗi har sai ta zauna masa.

Sai dai fuskar waya ba ta nuna wa yatsa bambancin jijiyar jini mai kauri da mai laushi, kuma jikin wani yakan saɓa wa zanen littafi. Kuskuren mutum ɗaya kuma yana iya yaɗuwa a zaure gaba ɗaya. Ga mai yin allura a mazaunai wannan babban lamari ne, domin in ya kauce wa ɓangaren sama na waje, zai iya sukar babbar jijiyar ƙafa ya nakasa yaro. Saboda haka kowane zaure yana bukatar malami ko ɗalibin babban aji mai duba amsoshi, kuma duk abin da aka koya a waya a je a tabbatar da shi a ɗakin feɗa.