Gobarar Hunturu: Kafin 'Yan Kwana-kwana Su Iso Madakiya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya busar da ciyawa, iska kuma ta ƙaru, gobara kan yi saurin yaɗuwa. A gari irin Madakiya, da ke ƙaramar hukumar Zangon Kataf a kan hanyar Kafanchan zuwa Zonkwa, 'yan mintoci kaɗan sun isa iyali su rasa ɗaki da rumbu da cittar shekara.

Tun 1963 Najeriya take da dokar hukumar kashe gobara ta tarayya, amma duk da haka a 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Don haka kuɗin da gwamnati za ta ware wajen sabunta ofisoshin 'yan kwana-kwana kada ya ƙare a sayen motoci kawai. Mota tana buƙatar ruwa da man dizal, ma'aikata kuma suna buƙatar na'urar numfashi, domin hayaƙi ya fi harshen wuta kisa.

Iyaye, idan yaro ya ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi. Kada a shafa manja, ɗanyen ƙwai ko man goge baki, kada a fasa bororo. A rufe da tsaftataccen ƙyalle, a garzaya asibiti, musamman idan ƙunar ta shafi fuska ko hannu.

A daina ajiye fetur a ɗakin kwana, a riƙe lambar gaggawa ta 112. Sannan mu tambayi wakilanmu a majalisar jihar Kaduna: nawa aka ware wa kashe gobara a yankinmu bana?