Tsakanin Jaje da Neman Afuwa: Kalmar "Sorry" da Unguwar Yakité

Shirin na yau zai duba kalmar Turancin nan "sorry", wadda ake furtawa "sori", da abin da amfani da ita ke nunawa game da zaman unguwar Yakité, a yankin Kilomita Biyar da aka fi sani da PK5, a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya.

Asalin kalmar yana komawa ga tsohuwar kalmar Turanci mai nufin ciwo, domin haka mai furta ta yana cewa ne zuciyarsa na ciwo, ba tare da ya fayyace ko shi ya jawo cutarwar ba. Wannan ya sa take ɗaukar aiki biyu, wato jaje, wanda shi ne taya wanda abu ya sama jin zafi, da kuma neman afuwa, wanda ke tattare da amsa laifi. A Turancin Najeriya aikin farko ya yi ƙarfi ƙwarai, har ana faɗin ta ga wanda ya yi tuntuɓe ko atishawa, abin da kan sa Bature ya amsa cewa ai ba laifin mai maganar ba ne.

Wannan harshen damo ya kai ga majalisun dokoki. A Ingila, dokar biyan diyya ta 2006 ta tanadi cewa ba da haƙuri kaɗai ba ya zama amsa laifin sakaci a gaban kotu. A Ostareliya kuwa, inda ake raya Ranar Ba da Haƙuri kowace 26 ga Mayu tun 1998 saboda 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da hukuma ta raba da iyayensu, Firaminista John Howard ya tsaya kan nuna takaici kawai, sai a ranar 13 ga Fabrairun 2008 magajinsa Kevin Rudd ya furta kalmar a majalisa da sunan ƙasa.

A Yakité Turanci ba harshen titi ba ne, tunda Sango da Faransanci su ne harsunan hukuma, yayin da ake jin Hausa da Fulatanci da Larabcin Chadi a kasuwar PK5. Sai dai tambayar da kalmar ke tayarwa, wato ko jaje ne ko amsa laifi, ta shafi unguwar kai tsaye. Bayan rikicin da ya ɓarke a Bangui a watan Disamban 2013, PK5 ta zama mafakar Musulmin da suka rage a birnin, unguwannin da ke bakin iyakarta irin su Yakité, inda Musulmi da Kirista suke zaune a cuɗe, suka ga ƙone-ƙone da gudun hijira, gadar Yakité kuma ta zama wurin da ake tsoron ƙetarewa.

Matakan da suka biyo baya sun rabu gida biyu. Ziyarar Fafaroma Francis zuwa babban masallacin Kudoku a ranar 30 ga Nuwamban 2015 ta fi kusa da jaje da kira ga 'yan'uwantaka, haka nan yarjejeniyar 2016 tsakanin PK5 da unguwar Boeing, wadda ta sake buɗe wa Musulmi hanyar maƙabartarsu, ta sauƙaƙa zaman tare. Kotun Musamman ta Manyan Laifuka da aka kafa da dokar 2015, da Hukumar Gaskiya, Adalci, Diyya da Sulhu da dokar 2020 ta samar, su ne aka ɗora wa aiki na biyu, wato tantance wanda ya aikata da abin da zai biya.

Bahaushen kasuwar PK5 ba ya rikita waɗannan biyun, domin "sannu" da "Allah ya kiyaye gaba" kowa na iya faɗa wa wanda aka ƙona wa shago, amma "ka yafe mini" ba ta da nauyi sai daga bakin wanda ya cinna wutar. Malamai ma suna karantar da cewa tuba daga haƙƙin ɗan Adam ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko mai shi ya yafe. Jaje ya isa ya sa maƙwabta su koma gaisawa, amma iyalin da suka rasa gida ko ɗan'uwa suna jiran amsa laifi da diyya kafin a ce sulhu ya kammala.

Nan shirin na yau ya kawo ƙarshe. A huta lafiya.