Ciwon daji: su wa ke aiki a bayan masu lambar Nobel?

A shekara ta 2018 aka ba James Allison, ɗan Amurka, da Tasuku Honjo, ɗan Japon, lambar Nobel ta fannin likitanci. Dalili kuwa shi ne sun buɗe wata sabuwar hanyar yaƙi da ciwon daji, wadda a cikinta ake sa garkuwar jikin majinyaci ta far wa ƙarin da kanta. Sunayen mutanen nan biyu sun game duniya. Amma su wa suka yi ta kwana a ɗakin gwaji har abin ya tabbata?

Bari mu fara da asalin maganar. A cikin jinin ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyi da ake kira T, su ne sojojin jiki. Kowane sojan yana ɗauke da wani birki da ke hana shi afka wa jikin mai shi, ciwon daji kuma yakan ci moriyar wannan birki ya yi ta yaɗuwa. A 1987, a birnin Marsey na Faransa, ma'aikatan ɗakin gwajin Pierre Golstein suka gano ƙwayar da aka sa wa suna CTLA-4, wadda daga baya aka gane birki ce. A ƙarshen 1994, a jami'ar Berkeley, wani matashin mai bincike a ƙarƙashin Allison, Dana Leach, ya yi wa ɓeraye masu ƙari allurar da ke sakin birkin, sai ƙarin ya ɓace. An buga sakamakon a 1996, kuma sai a 2011 Amurka ta amince da maganin ipilimumab don ciwon dajin fata mai suna melanoma.

Leach yana kan matakin da masana ke kira posdok, wato aikin binciken da mutum ke yi bayan ya samu doktora. Shi kansa Allison ya bi ta nan a birnin San Diyego tsakanin 1974 da 1977. Mai wannan aiki yakan kai shekara talatin ko fiye, ga ilimi, amma kwantaraginsa ba ya wuce shekara biyu ko uku. In ya ƙare, sai ya sake neman kuɗin bincike, sau da yawa a wata ƙasa, da iyali da kaya. Ana auna shi da abin da ya buga a mujallun kimiyya. Gwajin da ya ci shekara biyu bai ba da komai ba, ba mai lissafa masa shi.

A Faransa, mai son aikin dindindin a Inserm ko CNRS dole ya shiga jarrabawar gasa, inda masu nema suka ninka gurabe sau da yawa. Waɗanda ba su dace ba, wasu su koma kamfanonin haɗa magunguna, wasu su bar bincike ɗungum.

Asarar ba tasu ba ce kawai. Har yanzu majinyata da yawa ba sa samun sauƙi da wannan magani, ga tsada, ga kuma illar garkuwar da aka saki, wadda takan taɓa hanji ko fata. Masu warware waɗannan matsaloli su ne matasan nan. Daga 1987 zuwa 2011 shekara 24 ke nan. Duk ƙasar da ke son irin wannan sakamako, wajibi ne ta riƙe masu bincikenta fiye da shekara uku.