Ƙaramar Mujiyar Da Ta Ɓace Shekara 113

Ran 25 ga watan Nuwamba na shekarar 1997, waɗansu Amurkawa uku masu nazarin tsuntsaye, watau Pamela Rasmussen da Ben King da David Abbott, suna cikin wani daji kusa da garin Shahada a Jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya, sai suka hangi wata 'yar mujiya bisa reshe, ga rana a fili. Tsawonta bai wuce inci 9 ba. Suka saita na'ura, suka ɗauki hotonta na bidiyo. Rabon da masana su tabbatar da ganin irin wannan tsuntsuwa tun shekarar 1884, har da yawa daga cikinsu sun fid da rai, suna zaton irinta ya ƙare a duniya.

Labarin ya faro ne a 1872, sa'ad da wani Bature mai suna Blewitt ya harbo ta farko a tsakiyar Indiya, aka kuwa laƙaba mata sunansa a littattafan ilmi. Bayan haka wani ma'aikacin mulki, James Davidson, ya sami waɗansu a yankin Khandesh, ta ƙarshe a 1884. Duk abin da masana suka mallaka game da ita bai wuce busassun gawarwaki 7 da ke ajiye a gidajen kayan tarihi ba.

To, me ya sa nemanta ya ci tura shekara da shekaru? Dalili na farko shi ne kama. Akwai wata 'yar'uwarta mai ɗige-ɗige a ka, wadda ta cika ƙauyukan Indiya, in ba gwani ba ba mai rabe su. Ita wadda ake nema kanta ba ɗige-ɗige sosai, fikafikanta da wutsiyarta suna da ratsi baro-baro, kuma takan kaɗa wutsiya dama da hagu.

Dalili na biyu ya fi muni, domin ha'inci ne. Daga cikin gawarwakin nan 7 akwai ɗaya wadda wani Kanar na sojan Ingila, Richard Meinertzhagen, ya ce shi ya harbo ta a Gujarat cikin 1914. Masu nema suka yi ta ɓata lokaci a inda takardarsa ta nuna. Da Rasmussen da wani masani ɗan Ingila, Nigel Collar, suka binciki gawar, har da ɗaukarta hoto irin na ƙashi da ake yi a asibiti, sai ta bayyana ashe ɗaya daga cikin na Davidson ce aka sace daga gidan kayan tarihi na London, aka sāke mata ɗinki, aka maƙala mata takardar ƙarya. Da aka jingine wannan shaida, sai masu nema suka koma wuraren da aka tabbatar, a nan kuwa Allah ya ba su sa'a.

Tun daga sannan masu ɗaukar hoto suka fahimci yadda ake samunta. Ba kamar yawancin mujiyoyi ba, wannan da rana take farauta, ƙadangaru da ɓeraye da ƙwari su ne abincinta. Mazauninta dajin itatuwan tik ne, waɗanda ake yin katako da su, masu zub da ganye da rani. Saboda haka mai kyamara yakan yi sammako a lokacin da rassa suka zama tsirara, ya bi su ɗaya ɗaya da madubin hangen nesa, yana kasa kunne ga kukanta. In ya gan ta, sai ya kafa kyamararsa bisa ƙafafu uku, ya ɗaura mata dogon gilashi mai jawo nesa kusa, ya tsaya cik. Abu ƙarami haka, mai launin ɓawon itace, motsi kaɗan ya isa ya kore shi, wahalar kwana da kwanaki ta tashi a banza. Wanda ya san aikin ba ya wadatuwa da hoton fuska kawai, sai ya nemi wanda zai nuna ka da fiffike da wutsiya, don su ne alamun da masana ke dubawa. Daga nan ya rubuta wuri da rana daidai.

Ta irin waɗannan hotuna da binciken masanan Indiya aka gano tana nan a gandun dajin Melghat, da Toranmal, da waɗansu sassa na Madhya Pradesh da Gujarat. Duk da haka ba ta tsira ba. Ƙiyasin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, na 2018 ya nuna manyanta ba su kai 1,000 ba, ga kuma saran itace da gobarar daji da faɗaɗa gonaki suna cinye kogunan bishiyoyin da take ƙwai a ciki.

Har ila yau, shi kansa mai kyamara yana iya zama annoba. Waɗansu sukan kunna muryarta da aka naɗa don su yaudare ta ta fito, waɗansu su yi cincirindo gindin bishiyar da take kwanci. Tsuntsuwar da aka tayar daga sheƙa ta bar ƙwai ga rana da maƙiya, wadda kuma ta shagala da amsa kukan ƙarya ta bar farauta. Don haka masu hankali daga cikinsu suke tsayawa nesa, ba sa kuma bayyana wa jama'a ainihin bishiyar da sheƙa take, sai ga ma'aikatan gandun daji da masu bincike.

Ɗalibi ko ma'aikaci da ke riƙe da rajista yana da abin lura a nan. Takarda guda ta ƙarya ta karkatar da masana na tsawon shekaru, hoto na gaskiya mai ɗauke da wuri da rana kuwa shi ya komo da wannan mujiya cikin lissafin masu rai.