Makaho da Kurma a Dandalin Fasahar Hausa

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, akan tarar da makaho zaune a gefen hanya, sandarsa kwance a kan cinya, ɗan jagoransa tsugune kusa da shi. Makahon ya ɗauko baiti ya rera, yaron ya karɓa da amshi, kafin ka ankara mutane sun kewaye su. Wasu su jefa kuɗi a ƙoƙo su wuce, wasu kuwa waƙar ce ke riƙe musu ƙafa har su manta abin da ya fito da su. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram ya san wannan.

A gidan maƙwabcinmu kuma akwai wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, wanda sanƙarau ya tafi da jinsa tun yana ɗan shekara uku. Da dare idan an kunna talabijin ana kallon fim, shi ne ke zama a gaban kowa. Sai a faɗi wata magana a fim ɗin, ɗaki ya kaure da dariya, shi kuwa ya juyo yana bin fuskoki da kallo. Ya ja gefen mayafin yayarsa, ya juya tafin hannunsa sama, alamar "me aka ce?" Ita kuma hankalinta na kan fim, sai ta ɗaga masa hannu wai ya jira. Kafin ta waiwayo an wuce wurin. Na sha ganin haka, kuma har yau abin bai daina sosa mini rai ba.

Mukan haɗa waɗannan mutum biyu a kwando ɗaya mu kira su masu buƙata ta musamman. Amma idan aka zo batun waƙa da adabi da sauran fasahar Hausa, rabonsu ya sha bamban ƙwarai.

Bahaushe ya ce kunne ya girmi kaka, kuma kusan duk dukiyarsa ta hikima a baki ya ajiye ta. Tatsuniya da dare ake yin ta, cikin duhu, inda mai ido bai fi makaho da komai ba. Haka karin magana da kirari da waƙar makaɗa. Ko rubutacciyar waƙa ma ba a gama da ita sai an rera. Shi ya sa makaho ya sami ƙofa a buɗe, har wani lokaci ya shige gaban masu ido. Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya makance tun yana ƙarami, da ka ya tsara Imfiraji ana rubuta masa. Waƙar ta shiga aji ana nazarinta, makafi suna rera ta a kasuwanni, shi kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa kafin rasuwarsa a 1990. A wannan zamani ga Yahaya Makaho yana shiga situdiyo kamar kowane mawaƙi. Rediyo ma da ta zo sai ta zama aminiyar makaho, tana kawo masa wasan kwaikwayo da labarai da littattafan da ake karantawa kowa na saurare.

Sai dai bai kamata mu yi saurin yaba wa kanmu ba. Ƙofar da muka buɗe wa makaho ƙunci gare ta, kuma galibi a kan titin bara take. Yaro ya koyi waƙa a bakin wani dattijon makaho don ya sami abin kaiwa baka, ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa ƙa'idar kari da amsa-amo, balle a ba shi gurmi ko molo a ce ya gwada. Namangi ɗaya ya fito fili. Allah kaɗai ya san yawan masu irin baiwarsa da suka ƙare rayuwarsu a bakin tasha. Makarantar makafi ta Gindiri ta buɗe tun 1953, rubutun makafi mai ɗigo shida da ake shafawa da yatsa ya daɗe da shigowa, amma je ka nemi Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja a wannan rubutu a shagon littattafai, sai ka gaji da yawo. A gidajen tarihi kuwa doka ita ce kada a taɓa, alhali makaho da hannu yake gani.

Duk da haka, idan na ɗora su a kan sikeli, asarar kurma ta fi nauyi. Makaho ya rasa wani ɓangare na fasaharmu, kurma kuwa harshen da aka zuba fasahar a ciki ne aka yi masa katanga da shi. Yaron maƙwabcinmu bai taɓa jin labarin Gizo da Ƙoƙi ba. Bai san Shata ba sai a hoto. Idan ana biki yakan je ya ɗora hannu a kan lasifika don ya ji dukan ganga na ratsa ƙirjinsa, ya taka rawa daidai da kiɗan, amma abin da mawaƙin ke faɗa ya wuce shi.

Abin takaicin shi ne kurame suna da harshensu, kuma na gida ne. Maganar hannu ta daɗe a ƙasar Hausa, kurame suna hira da ita, suna ba da labari, suna barkwanci, har masu ji da yawa a kasuwa sun iya kaɗan daga ciki. Wata manazarciya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano, ta fitar da littafi a kan harshen a shekarar 2000. Amma makarantun kurame na Nijeriya sun ginu ne a kan maganar hannu mai asali daga Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya shigo da ita lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Aikinsa ya amfani dubban yara, wannan ba abin musu ba ne. Illa dai yaron da ya shiga makaranta yakan fito da Ingilishi a takarda da alamomin Amurka a hannu, Hausar gidansu kuwa ta zame masa baƙuwa. Fassarar Ingilishi da ake sakawa a ƙasan finafinan Kannywood takan taimaki irin wannan ɗalibi. Wanda bai taɓa shiga aji ba, ba ta tsinana masa komai.

Ga kuma wani gefen da muka yi sakaci da shi. Kurma mutum ne mai kaifin ido. Duba ɗinkin hula da aikin babbar riga da zanen bangon soro da zayyanar allo, duk fasaha ce ta ido da hannu, ba ruwanta da kunne. Da yawa daga cikin kurame teloli ne da kafintoci, ana yabon tsaftar aikinsu. Amma muna tura su can ne don su sami na tuwo, ba mu taɓa tunanin a cikinsu akwai mai zane ko ɗan wasan kwaikwayo ba. Wanda ya taɓa ganin kurma yana kwaikwayon yadda wani ɗan acaɓa ya yi rigima da fasinja, da fuska da kafaɗa da yatsu, ya san akwai jaruman da masu shirya fim ba su nemo ba tukuna.

Doka kam akwai ta. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu lalura, a 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Amma doka ba za ta zauna ta yi wa yaro tatsuniya ba. Wannan aikin malamai ne da marubuta da masu fim. Abin da makaho ke nema shi ne littafin Hausa a rubutun makafi ko a murya, da malamin kiɗa, da izinin shafa kayan tarihi. Na kurma ya fi gaggawa, domin shekarun da yaro ke kama harshe ba sa dawowa. A koyar da shi karatun Hausa, a ba maganar hannu ta gida gurbi a aji, a kawo tsofaffin kurame su ba yara labari da hannu.

Ku kuma masu shirya finafinai a Kano da Kaduna, roƙona gare ku ƙarami ne. Ku ware kusurwa ɗaya a jikin allo, ku tsayar da tafinta mai maganar hannu, ko da a shiri ɗaya ne ku fara. Yaron maƙwabcinmu yana nan zaune gaban talabijin kowane dare, kuma irinsa suna da yawa a kowace unguwa.