Inda Sa Ya Dosa, Da Hausa Da Turanci

Shirinmu na yau darasin nahawun Turanci ne, amma ba a aji za mu zauna ba. Mun nufi Kasuwar Shanu ta Maiduguri, inda ake sauke dabbobin da suka biyo hanyar Gamboru Ngala da Dikwa daga iyakar Kamaru da Chadi, a kuma yi lodinsu a tireloli su bi ta Damaturu da Potiskum su yi Kudu.

Ku tsaya a bakin kara ku kasa kunne. Ga Wadara na Larabawan Shuwa, ga jajayen Rahaji, wani lokaci har da Kuri na tafkin Chadi masu kumburarren ƙaho. Dillali yana daga ciki yana ƙwala wa yaronsa kira: "Kai, koro shi nan!" Mai lodi kuma yana cewa: "Kora shi can!" Wasali ɗaya ne ya raba kalmomin biyu, amma ya juya bijimi guda daga wannan gefe zuwa wancan. Haka shiga da shigo, fita da fito, sauka da sauko, kai da kawo. Wannan "o" ta ƙarshen aikatau ita ke nuna abu ya doso mai magana. Masanin Hausa F. W. Parsons, da ya tsara aikatau rukuni-rukuni a 1960, ya sa irin waɗannan a rukuni na shida.

Turanci ba shi da wannan dabara. Shi sai ya bar aikatau yadda yake, ya ɗaura masa wata 'yar ƙaramar kalma a baya: in, out, up, down, off, away, back. Idan kuma yana son nuna inda mai magana yake tsaye, sai ya canza aikatau ɗin ɗungurungum. Shiga ita ce go in, shigo kuma come in. Kai ita ce take, kawo kuma bring. A nan ne ɗalibanmu da yawa ke tuntuɓe, su ce bring it there alhali abin nesa da su za a kai shi. Yaron da bai taɓa rikita kai da kawo ba ko cikin barci, ya riga ya san bambancin take da bring. Ba a dai nuna masa cewa ya sani ba.

To, mu zo kan ukun nan da suka fi ba mutane wahala: at, on, in. An sha cewa Hausa "a" ɗaya gare ta, Turanci kuwa uku. Ni ban yarda da wannan lissafi ba. Hausa ta ɗauki gaɓoɓin jiki ta auna wuri da su. Kai ya ba mu "a kan", ciki ya ba mu "a cikin", ga bayan, gaban, bakin, gindin. Saboda haka idan mai saye ya bugo waya daga Legas yana neman dillalinsa, aka ce masa he is at the market, ana nufin yana kasuwa, wato wurin kawai aka ambata. In aka ce in the market, yana cikinta, tsakanin turaku da ƙura. Igiyar da ke kan sa kuwa on ce. Ɗalibin da aka fara masa da "a", "a kan", "a cikin" ya ci rabin hanya.

Sai dai ma'aunin ba ya tafiya daidai ko'ina, kuma gara malami ya faɗi gaskiya tun farko. Bature yana cewa in the car amma on the bus, ko da yake a duka biyun mutum yana ciki. Yana cewa in Maiduguri, on Dikwa Road. Waɗannan sai haddacewa da yawan ji, kamar yadda baƙon Hausa ke haddace cewa rana mace ce, wata namiji.

Sauran into da onto. Su na motsi ne. Saniya tana tsaye cikin kara, in ke nan. Ana tura ta ciki, into. Ana hawar da ita tirela, onto, ana sauke ta, off. Mu aikatau ne ke ɗaukar mana wannan nauyi, shi ya sa bakinmu ke mantawa da ƙarin "to" ɗin.

Abin da ya fi burge ni a kasuwar nan shi ne, yaron da ke riƙe da igiya sau da yawa harsuna uku ko huɗu gare shi. Da Barbarci, alamar wuri a bayan suna take maƙalewa: kasuwu ita ce kasuwa, kasuwuro zuwa kasuwa, kasuwulan a kasuwa. Da Hausa tana gaba. Ga Fulatanci, ga Larabcin Shuwa. Kullum yana tsallakawa daga wannan tsari zuwa wancan ba tare da ya ɓatar da ko maraƙi ɗaya ba. Yana yi mini ciwo in ga irin wannan yaro ya zauna a aji an jera masa kalmomi ashirin a allo ya haddace, sannan a ce ba shi da kai.

Malamai masu saurarenmu, ga abin da za ku gwada gobe. Ku sa ɗalibi ya kwatanta tafiyar sa guda, tun daga saukowarsa daga mota har ɗaure shi a turke, da harshen gidansu tukuna. Sannan ya maimaita da Turanci, ku ƙirga tare da shi wurare nawa ya buƙaci 'yar ƙaramar kalmar nan.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.