Dashen Haƙori: Maganganun da Ke Yawo a Kura da Bunkure, Wanne Ne Gaskiya?

Ba a koya wa mutumin Kura dashe. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo kanal ya ratsa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, yaro ke tashi yana ganin ana cire irin shinkafa da na tumatir daga wurin reno ana kafa su a gona. Ya san dashe yana son ƙasar da aka gyara, yana son haƙuri, kuma ba kowane wuri yake kamawa ba.

Amma da zarar an ce likitoci na dasa haƙori a bakin mutum, sai zance ya rikice. A teburin mai shayi wani zai ce haƙorin gawa ne. A kasuwar Kwanar Gafan wani zai ce ƙarfen yana tsatsa a cikin kai. Wani kuma ya rantse cewa yana jawo tsawa. Alhali masu giɓi suna da yawa a cikinmu: wanda ya faɗo daga babur a titin Kano zuwa Zariya, wadda kogon haƙori ya hana barci har aka cire mata, da dattijon da dasashinsa ya saki haƙora ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan bayin Allah sun cancanci a sheƙe musu zancen nan, a ware tsaba daga ƙaiƙayi.

Mene ne dashen haƙori?

Haƙori kashi biyu ne: kan da ake gani, da saiwar da ke cikin ƙashin muƙamuƙi. A aikin dashe, likita yana huda ƙashin a gurbin da haƙori ya fita, ya ɗaura wata 'yar ƙusa mai zare kamar noti, wadda aka ƙera da ƙarfen titaniyam. Ita ce za ta tsaya a madadin saiwa. Sai a bar ta, galibi wata 3 zuwa 6, har ƙashi ya tsiro ya rungume ta. Bayan nan ne ake ɗora mata kan haƙori da aka ƙera daidai da launi da girman sauran.

Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ya lura da wannan hali na titaniyam a 1952, lokacin da ya kasa zare wata 'yar na'ura da ya saka a ƙashin ƙafar zomo saboda ƙashin ya manne da ita. A 1965 ya yi wa mutum na farko, Gosta Larsson, wanda ya ci gaba da tauna da haƙoran har ya rasu a 2006. Aikin ya bazu a duniya bayan wani taron likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982. Ashe abin ya haura shekara 50 ana yin sa.

"Haƙorin gawa ne, ko na dabba"

Wannan ƙarya ce. Ƙusar ƙarfe ce, kan haƙorin kuma da wani irin tangaran mai ƙarfi ake yin sa, wani lokacin da ƙarfe a ƙarƙashi. Babu haƙorin kowa a ciki.

Sai dai akwai wata gaskiya da ke kusa da wannan magana, kuma ya kamata Musulmi ya san ta. Idan ƙashin muƙamuƙi ya zaizaye, likita kan yi masa ciko kafin dashe. Abin cikon yana iya zama ƙashin mutumin da kansa, ko haɗin masana'anta, ko ƙashin saniya da aka sarrafa, ko wanda aka samo daga ɗan'adam. Sannan wasu daga cikin 'yan fatun da ake rufe cikon da su, daga alade ake samo su. Ba kowane mai dashe ke buƙatar ciko ba. Wanda aka ce yana buƙata, haƙƙinsa ne ya tambayi likita da me za a yi, ya kuma nemi a sa masa wanda zuciyarsa ta natsu da shi, domin akwai zaɓi.

"Ƙarfen yana tsatsa, yana kawo ciwon daji, yana jawo tsawa"

Wanda ya ga yadda fartanya ke cin tsatsa idan ta kwana a ruwa yana da dalilin tambaya. Amma titaniyam ba irin ƙarfen fartanya ba ne. Ba ya tsatsa irin wannan, kuma da shi ake yin faranti da ƙusoshin da likitocin ƙashi ke ɗaure karaya. A tsawon shekarun da aka yi ana dasa shi, ba a tabbatar yana haddasa ciwon daji ba. Maganaɗisu ba ya jan sa, shi ya sa mai dashe yana iya shiga na'urar hoto ta MRI, illa dai ya sanar da ma'aikatan tun farko.

Batun tsawa kuwa ba shi da tushe. Abin da ke jefa manomi cikin haɗari idan hadari ya taso shi ne tsayuwa a fili shi kaɗai, ko cikin ruwan gona, ko fakewa ƙarƙashin doguwar bishiya. Mai haƙori 32 cif da mai dashe, haɗarinsu ɗaya ne a nan.

"Taɓa haƙorin sama yana makantar da ido"

Wannan tsohuwar magana ta sa mutane da yawa sun zauna da ruɓaɓɓen haƙori shekara da shekaru. Jijiyar gani daban take da jijiyar haƙori, cire haƙorin sama ko dasa wani a gurbinsa ba ya kashe ido. Abin da ya fi haɗari shi ne barin haƙorin ya yi ta tara mugunya, domin kumburin yana iya hawa har gefen ido, na ƙasa kuma ya gangara wuya ya toshe numfashi.

Duk da haka dashe tiyata ce, kuma tiyata tana da hatsarinta. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe ji. Idan ƙusa ta taɓa ta, leɓen yana iya yin sanyi kamar ba a jiki yake ba, wani lokacin har abada. A sama kuma akwai kogon da ke gefen hanci. Saboda haka likitan kirki ba ya fara huda sai ya ɗauki hoton ƙashi ya auna.

"Azabar ba ta misaltuwa"

An zuzuta. Ana yin allurar kashe zafi kamar yadda ake yi wajen cire haƙori, mutum yana farke amma wurin a mace yake. Idan allura ta sake za a ji ciwo da ɗan kumburi na 'yan kwanaki, kuma maganin da likita ya rubuta yakan isa. Ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana uku, ko zazzaɓi, ko mugunya, alama ce ta a koma asibiti ba tare da jira ba.

"Irin haƙorin Makka ne, zama ɗaya an gama"

Ba ɗaya ba ne. Haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi riga ce ta zinariya ko azurfa da ake sa wa haƙorin da yake nan da saiwarsa. Dashe kuwa na gurbin da babu komai ne. Akwai lokutan da likita ke ɗora kan wucin gadi a ranar, amma haɗuwar ƙusa da ƙashi ba ta gaggautuwa. Wanda zai yi, ya shirya zirga-zirgar Kano har na wasu watanni, ya kuma zaɓi lokacin da aikin gona bai taso masa gaba ba.

"Kowa zai iya yi idan yana da kuɗi"

Nan ma ba haka ba ne, kuma manomi zai fi kowa fahimta. Ƙasar da gishiri ya ci, ko nawa aka kashe a kan iri ba za ta riƙe shi ba. Dashe yana yawan faɗuwa a bakin mai shan taba, da mai ciwon sugar da ba a shawo kansa ba, da wanda dasashinsa ke jini yana wari. Haka wanda aka taɓa gasa wa muƙamuƙi saboda ciwon daji, ko mai shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi, dole likita ya sani kafin ya taɓa shi. Yara kuma ana jira sai muƙamuƙinsu ya gama girma, wajen shekara 18 ko sama.

Tsufa shi kaɗai ba ya hanawa. Dattijo mai lafiya da ƙashi mai kauri yana iya yi. Jinkiri ne ke ɓata lamari, domin daga ranar da haƙori ya fita ƙashin wurin yake fara lotsawa, musamman a watannin farko, maƙwabtan haƙora kuma su karkato cikin giɓin.

"Da an dasa shi ke nan har abada"

Rabin gaskiya ce. Binciken likitoci ya nuna fiye da 9 cikin 10 na dashe suna nan daram bayan shekara 10. Haƙorin dashe ba ya yin kogo, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa da cuta idan datti ya taru, har ƙusar ta yi girgiɗi ta fita. Yana son buroshi da man goge baki safe da dare, da zuwa dubawa lokaci zuwa lokaci. Kan tangaran ɗin kuma yana iya tsagewa. A ƙasar da ake ɓare rake da haƙori, ake buɗe kwalba da kwance ƙullin buhu da baki, wannan gargaɗi ne na gaske. A fere raken da wuƙa, a yanka shi ƙanana.

"Haramun ne, kuma alwala ba ta inganta"

Masu wannan magana sukan kafa hujja da hanin da ya zo a kan fiƙe haƙora don yin wushirya saboda ado. Malamai sun bambanta wannan da mayar da gaɓar da ta lalace, wanda suka sa a babin magani. Hujjar da suka fi kawowa ita ce labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi izinin sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Kurkurar baki kuma sunna ce a mazhabar Malikiyya, a alwala da wanka, kuma ruwa yana kewaya haƙorin dashe kamar yadda yake kewaya na asali. Wanda ya rage da shakka ya zauna da malaminsa, ya kwatanta masa aikin yadda yake, don fatawa ta sauka a kan gaskiyar abin.

"Aikin masu kuɗi ne"

Wannan kam gaskiya ce, babu amfanin ɓoye ta. Kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Haƙori ɗaya yana cin dubban ɗaruruwan naira, wani wurin har ya haura miliyan. Ga ƙaramin manomi, wannan yana iya lashe ribar noman rani gaba ɗaya.

Amma rashin kuɗin dashe ba ya nufin zama da wawulo. Akwai haƙorin roba da ake sawa a cire, shi ne mafi sauƙin kuɗi, sai dai yana son wanki kullum da cirewa da dare. Akwai kuma wanda likitoci ke kira gada, inda ake ɗan sassaƙe haƙoran da ke gefen giɓin a rataya sabon a jikinsu. Kowanne yana da amfaninsa da naƙasunsa, bakin mutum da aljihunsa ne ke zaɓa.

Abin gudu shi ne araha ta hannun wanda bai san aiki ba. Masu yawo da jakar haƙoran roba suna liƙa wa mutane da gam, abinci ya yi ta maƙalewa a ƙarƙashi, dasashi ya ruɓe, lafiyayyun haƙoran gefe su bi sahu. Kayan aikin da ba a dafa ba kuma suna yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Huda ƙashin muƙamuƙi aikin likitan haƙori ne mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN. Daga Kura zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 30 ce, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi, inda ɗaliban tsangayar likitancin haƙori ta Jami'ar Bayero ke koyon aiki. A fara da neman shawara a irin wannan wuri kafin a miƙa wa kowa kuɗi.

Kafin a kai ga giɓi

Akwai abu ɗaya da nake roƙon kowane ɗan acaɓa, kowane malamin makaranta da kowace uwa su riƙe. Idan babban haƙori ya fita ɗungurungum saboda faɗuwa ko duka, kada a jefar da shi. A riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. A ɗauraye shi kaɗan, a mayar da shi gurbinsa idan zai yiwu, in ba haka ba a tsoma shi cikin madara, a garzaya wurin likitan haƙori cikin awa ɗaya. Sau da yawa yana sake kamawa. Haƙorin nono na ƙananan yara ne kawai ba a mayarwa.

Haka nan haƙorin da ya fara kogo. Ba tsutsa ba ce a ciki, ƙwayoyin cuta ne da ke cin zaƙin da ya maƙale suna fitar da tsami mai narka haƙori. Ruwan batir da fetur da ake ɗigawa suna ƙona dasashi, ba sa warkar da komai. Ƙaramin kogo ana cike shi da kuɗin da bai kai ko kusa da na dashe ba, haƙorin kuma ya ci gaba da aiki shekaru.

Manomin da ya ga ɓaraka a jikin kunyar gonarsa ba ya jira sai ruwa ya kwashe shukar. Yakan ɗauki fartanya ya toshe tun tana ƙarama. Dashen haƙori aiki ne na gaskiya, yana kamawa idan baki ya dace kuma hannun ƙwararre ne ya yi. Amma duk ƙwarewar likita, ƙusarsa tana kwaikwayon saiwar da Allah ya ba mu kyauta ne. Wanda tasa ke nan, ya duba ta yau, tun tsamin da yake ji idan ya sha ruwan sanyi bai zama giɓi ba.